Bimbini a Kan Karatun Manyan Idin Katolika: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu karatu a Misa, da katikis, da shugabannin zumunta, da iyayen da ke son zama da 'ya'yansu a kan Maganar Allah kafin ranar idi.

1. Waɗanne ranaku ake nufi da manyan idi?

Kalandar Cocin Katolika ta kasa ranakun biki gida uku: babban idi, da idi, da ranar tunawa da waliyyi. Ana gane babban idi da karatu uku ban da Zabura, da rera Ɗaukaka ga Allah, da furta Shaidar Bangaskiya, kuma tun yammacin jajibere yake kamawa. Kan gaba a cikinsu duka shi ne kwana ukun Ista, daga yammacin Alhamis Mai Tsarki zuwa Lahadin tashin Almasihu.

Ban da ranakun Lahadi, dokar coci ta 1983 ta jera ranaku goma da zuwa Misa ya zama wajibi: Kirsimeti, Bayyanuwar Ubangiji, Hawan Yesu zuwa Sama, Jiki da Jinin Almasihu, Maryamu Uwar Allah, Ɗaukar Cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, Ɗaukar Maryamu zuwa Sama, Waliyyi Yusufu, Bitrus da Bulus, da Dukan Waliyyai. Majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa tana iya mayar da wasu zuwa Lahadi ko ta ɗage wajibcinsu da yardar Roma, saboda haka sai kowa ya duba kalandar dayosis ɗinsa. Laraba ta Toka, duk da cikar da coci ke yi ranar, ba ta cikin jerin.

2. Wa ya zaɓi karatun, kuma tun yaushe?

Ba Fada ne yake zaɓa ba. Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya umarta a buɗe wa jama'a Littafi Mai Tsarki fiye da yadda ake yi a da. Daga nan aka fitar da tsarin karatun Misa a 1969, aka sake gyara shi a 1981. Kafin wannan, zagayen shekara ɗaya ne, kuma ba kasafai ake jin Tsohon Alkawari ran Lahadi ba. Amma wasu karatun sun girmi tsarin nesa ba kusa ba: an daɗe ƙwarai ana karanta farkon Bisharar Yohanna da ranar Kirsimeti, da labarin shan wuyar Yesu daga Bisharar Yohanna ran Jumma'a Mai Tsarki.

3. Me ake nufi da shekara A, B da C? Suna shafar ranakun idi?

Karatun Lahadi yana juyawa ne cikin shekara uku: A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka. Yohanna ba shi da shekara tasa, ya fi fitowa a lokacin Azumi da na Ista. Shekarar da lambarta ta rabu gida uku ba saura ita ce C, wato 2025 C ce, 2026 A, 2027 B. Sai dai a tuna cewa shekarar coci tana farawa ne da Lahadin farko na Adbent, lokacin shirin Kirsimeti, makonni kafin Janairu.

Wasu idin suna bin wannan juyi: Lahadin Dabino, Triniti Mai Tsarki, Jiki da Jinin Almasihu, Almasihu Sarki. Wasu kuwa karatunsu ba ya motsi: Kirsimeti, Bayyanuwa, Alhamis da Jumma'a Masu Tsarki, Dukan Waliyyai, da idin Maryamu. A kan gajiya da maimaici, duba tambaya ta 13.

4. Da wane karatu zan fara?

Fara da Bishara, ko da yake ita ake karantawa a ƙarshe. A ranar babban idi, an ɗauko sauran karatun ne domin su haska ta. Wannan ya bambanta da Lahadin lokacin yau da kullum, inda karatu na biyu yake bin wasiƙa guda daga mako zuwa mako, ba lalle ya haɗu da Bishara ba. Idan ka gama Bishara, koma karatu na farko ka tambayi kanka me mai zaɓen ya gani har ya ajiye su kusa da juna. Zabura kuma amsar jama'a ce ga karatu na farko, don haka a bakinka ya kamata ta zauna. Wasiƙa ta zo ƙarshe.

Ga misali, idin Jiki da Jinin Almasihu a shekarar C. Bishara ita ce ciyar da mutum dubu biyar a Luka 9: Yesu ya ɗauki gurasa, ya sa albarka, ya gutsuttsura, ya bayar. Karatu na farko aya uku ne kacal daga Farawa 14, inda Malkisadik, sarki kuma firist, ya kawo wa Ibrahim gurasa da ruwan inabi. Zabura 110 ta kira Almasihu firist na har abada irin na Malkisadik. Bulus kuma, a 1 Korintiyawa 11, ya ba da labarin daren da aka ba da Yesu. Wanda ya bi wannan jeri zai lura cewa kafin mu'ujizar, Yesu ya ce wa almajirai su ba taron abinci da kansu. Idin da Paparoma Urban na Huɗu ya kafa wa coci duka a 1264 domin girmama Yukaris, wato Jibin Ubangiji, ya ɗora wa mai karɓa nauyin mai jin yunwa.

5. Akwai wata hanya ta bimbini da coci ta amince da ita?

Akwai tsohuwar hanyar sufaye da ake kira lectio divina. Wani sufi mai suna Guigo, a ƙarni na 12, ya tsara ta hawa huɗu: karantawa, bimbini, addu'a, da natsuwa a gaban Allah. Paparoma Benedict na Sha Shida, a rubutunsa na 2010 a kan Maganar Allah, ya nuna cewa ba ta cika sai ta kai ga aiki.

A aikace, ka karanta nassin a hankali sau biyu, ɗaya da murya. Ka tambaya me nassin yake faɗa kafin ka tambaya me yake faɗa maka. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su tsallake na farko su faɗa na biyu. Idan wata jimla ta tsaya maka a rai, ko ta ba ka haushi, tsaya a kanta. Ka amsa wa Allah da kalmominka, sannan ka yi shiru. Kwata ɗaya na awa ya isa. Kuma ka riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki kansa, ka karanta ayoyin da ke gaba da bayan abin da aka yanko. Amsa ta 8 ta nuna amfanin haka.

6. Me ya sa Kirsimeti take da karatu kashi huɗu?

Domin Misa huɗu ce: ta jajibere, ta dare, ta asuba, da ta rana. Kowace tana duban haihuwar ta wata kusurwa. Ta jajibere tana da asalin Yesu daga Matiyu 1. An yarda a taƙaita, kuma sau da yawa ana tsallake sunayen, amma a gida kada ka tsallake. A cikin jerin akwai Tamar, da Rahab, da Rut mutuniyar Mowab, da matar Uriya, waɗanda labarinsu ba irin wanda dangi ke alfahari da shi ba ne. Matiyu bai ɓoye su ba.

Misar dare tana da Luka 2 da Ishaya 9. Kowa ya san ayar jama'ar da ke tafiya cikin duhu suka ga babban haske, amma kaɗan ne ke sauraron abin da ke biye: karkiya, sandan azzalumi, takalman mayaƙa da tufafin da suka jiƙe da jini waɗanda za a ƙone. Luka kuma ya buɗe da umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas. An haifi yaron ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, iyayensa suna kan hanya saboda umarnin wani. Da asuba makiyaya ne, da Maryamu tana ajiye al'amuran a zuciya tana juya su. Da rana kuwa babu komin dabbobi, babu makiyaya, sai Yohanna 1 da Ibraniyawa 1: Kalman da yake tun fil'azal ya zama mutum, ya zo wurin nasa, nasa kuwa ba su karɓe shi ba.

Wanda zai halarci Misa ɗaya kawai zai amfana idan ya karanta sauran ukun. Kalanda ma ba ta barin mutum ya yi nisa cikin shagali: 26 ga Disamba ta Istifanas ce, shahidi na farko, 28 kuma ta jariran da Hirudus ya kashe.

7. Shin sarakuna uku ne suka zo wurin jaririn?

Matiyu 2 bai ce uku ba, bai kuma ce sarakuna ba. Masana ne daga gabas, kyautarsu ce iri uku. Sarautar da raƙuman daga sauran karatun idin Bayyanuwar Ubangiji suka fito, Ishaya 60 da Zabura 72. Abin lura shi ne Ishaya ya ambaci zinariya da lubban kawai. Mur ƙarin Matiyu ne, kuma da shi ake shirya gawa.

8. Ran Alhamis Mai Tsarki ana tuna kafa Yukaris, to me ya kawo wankin ƙafa a Bishara?

Labarin gurasa da ƙoƙo yana nan, amma a karatu na biyu, 1 Korintiyawa 11:23-26, wanda ya riga Bisharu huɗu rubutuwa. Karatu na farko, Fitowa 12, ya ba da tushen: ɗan ragon Idin Ƙetarewa da jinin da aka shafa a dogaran ƙofa. Yohanna bai ba da labarin gurasa da ƙoƙo a jibin ƙarshe ba. A gurbinsa ya sa Ubangiji ya tuɓe mayafi, ya ɗaura tawul, ya yi aikin bawa. Coci ta ajiye su tare da gangan.

Ka ɗan koma baya a wasiƙar Bulus, daga aya ta 17. Faɗa yake yi wa Korintiyawa: idan sun taru, wani yana ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa, har ya ce abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne. Ba a karanta wannan sashe a Misar ranar, amma shi ne gadar da ke tsakanin ƙoƙon da kwanon wankin ƙafa.

9. Yaya zan karanta labarin shan wuya ba tare da ɗora wa Yahudawa laifi ba?

Coci ta yi magana a fili a 1965, a Taron Vatican na Biyu: ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Yesu, da mahaifiyarsa, da manzanni duk Yahudawa ne, kuma gwamnan Roma ne ya yanke hukuncin gicciye. Karatu na farko na Jumma'a Mai Tsarki, Ishaya 52:13 zuwa 53:12, ya riga ya toshe hanyar nuna wani da yatsa, domin da bakin "mu" yake magana: laifofinmu, mun bauɗe kamar tumaki.

A Yohanna 18 da 19, ka lura da yadda Yesu ke riƙe da ragamar al'amarin. Masu kama shi ne suka faɗi ƙasa. Bilatus mai tuhuma shi ne ke shiga yana fita a rikice. Ba a karya ƙashinsa ba, kamar ɗan ragon Fitowa 12, abin da ya haɗa ranar da daren jiya. Idan kana son ganin Yesu cikin kaɗaici da kuka, wannan yana labarin Markus da Matiyu na Lahadin Dabino, tare da Zabura 22.

10. Karatun daren Ista ya yi yawa. Ta ina zan kama shi?

Tara ne: bakwai daga Tsohon Alkawari, sai Romawa 6, sai Bishara. An yarda a rage na Tsohon Alkawari idan akwai dalili, amma ba a taɓa barin Fitowa 14, ƙetare teku. Hanya mai sauƙi ita ce ka bi ruwa, domin daren baftisma ne. Ruhu yana shawagi a kan ruwaye a Farawa 1. Teku ta rabu a Fitowa. Ishaya 54 ya tuna ruwan Nuhu. Ishaya 55 yana kiran masu ƙishi. Baruk ya yi maganar maɓuɓɓugar hikima da aka yashe. Ezekiyel 36 ya yi alkawarin yayyafa ruwa mai tsabta da sabuwar zuciya. Sai Bulus ya ɗaure su: a baftisma an binne mu tare da Almasihu. Farawa 22, hadayar Ishaku, ita ce ba ta bin wannan zare. Tana duban Uban da bai hana Ɗansa ba.

Shawarata, a raba bakwai ɗin cikin Mako Mai Tsarki, ɗaya ko biyu a rana. Wanda ya fara jin su a daren, ga duhu ga barci, da wuya ya riƙe ko rabi. Idan ba ka sami Baruk a Littafinka ba, duba tambaya ta 14.

11. Me ya sa Yesu bai bayyana a Bisharar safiyar Ista ba? Kuma yaushe aka ba da Ruhu Mai Tsarki?

Yohanna 20:1-9 kabari ne babu kowa, da likkafani a ajiye, da almajirai biyu a guje. An rufe karatun da cewa har lokacin ba su fahimci Nassi ba. Ista kwana hamsin ce, kuma bayyanuwar tana zuwa a hankali cikin kwanakin da ke biye: Maryamu Magadaliya, hanyar Imuwasu, Toma. Mai raunin bangaskiya yana da wurin tsayawa a wannan safiya.

Haka Hawan Yesu zuwa Sama, kwana arba'in bayan Ista. A Ayyukan Manzanni 1, tambayar almajirai ta ƙarshe ita ce ko yanzu za a mayar wa Isra'ila mulki, aka kuma tsawata musu a kan tsayawa suna kallon sama. A shekarar A, Bisharar ranar, ƙarshen Matiyu, ba ta ma ambaci hawa ba, sai alkawarin kasancewa tare da su kullum.

Ran Fentikos kuwa ana karanta labari biyu: Ayyukan Manzanni 2, da iska da harsunan wuta a rana ta hamsin, da Yohanna 20, inda Yesu ya hura musu numfashi a yammacin Ista. Ba sai ka tilasta musu zama labari ɗaya ba. Luka yana nuna Ruhu yana fitar da ikilisiya waje, Yohanna yana nuna sabuwar halitta, kamar numfashin da aka hura wa Adamu, da ikon gafarta zunubi. Karatun jajibere yana da hasumiyar Babila. Ana yawan cewa Fentikos ta warware Babila, amma ka duba da kyau: ba a mayar da mutane harshe ɗaya ba, kowa a harshen da aka haife shi ciki ya ji ayyukan Allah.

12. Ina aka rubuta ɗaukar Maryamu zuwa sama? Me zan yi bimbini a kai?

Babu ayar da ta ba da labarin, kuma coci ba ta ce akwai ba. Koyarwar ta dogara ne ga Nassi tare da Al'adar da aka gada daga manzanni. Paparoma Pius na Sha Biyu ya ayyana ta a 1950. Karatun 15 ga Agusta suna nuna ma'anarta. Ru'ya ta Yohanna ta fara da akwatin alkawari a sama, sai mace sanye da rana, wadda ake fahimta a matsayin jama'ar Allah da kuma Maryamu. Ka gwada Bisharar ranar, Luka 1:39-56, da 2 Sama'ila 6: Dawuda ya tambaya yaya akwatin Ubangiji zai zo wurinsa, ya yi tsalle a gabansa, akwatin ya zauna wata uku a wani gida. Alisabatu ta yi irin tambayar, jaririn cikinta ya motsa don murna, Maryamu ta zauna kamar wata uku. Amma ginshiƙin ranar 1 Korintiyawa 15 ne: Almasihu nunan fari, sannan waɗanda suke nasa. Idin yana magana a kan makomar jikin kowane mai bi.

Idin 8 ga Disamba yana da nasa ruɗani. Saboda ana karanta zuwan mala'ika Jibra'ilu, mutane suna zaton cikin Yesu ake nufi. Cikin Maryamu ne, a mahaifar uwarta, koyarwar da Pius na Tara ya ayyana a 1854. Lissafi zai taimaka: wata tara daga 8 ga Disamba ya kai 8 ga Satumba, ranar haihuwarta, na Yesu kuwa daga 25 ga Maris ne zuwa Kirsimeti. A ranar, ka gwada Farawa 3 da Luka 1, mutum yana ɓuya daga Allah a gona, budurwa kuma tana cewa ga ta.

13. Kowace shekara karatu ɗaya. Me ya rage da ban ji ba?

Karatun bai canza ba, amma mai ji ya canza. Wanda ya binne wani a bana ba zai ji albarkar masu makoki, a Bisharar Dukan Waliyyai, kamar yadda ya ji ta bara ba. Dabara ɗaya ita ce kowace shekara ka zauna a kan karatu daban: bana Zabura, baɗi wasiƙa. Wata kuma, ka nemi inda karatun ya saɓa wa yanayin bikin, domin kusan kullum akwai. Idin Almasihu Sarki, wanda Pius na Sha Ɗaya ya kafa a 1925, bai taɓa nuna Yesu a fada irin ta duniya ba: a shekarar A yana shari'a ne a kan yunwa da ƙishi da kurkuku, a B fursuna ne a gaban Bilatus, a C yana kan gicciye tsakanin masu laifi biyu. Ran 29 ga Yuni, idin manyan manzanni, Bitrus yana ɗaure da sarƙa, Bulus kuma yana bankwana.

14. Me ya sa wasu littattafai ko lambobin ayoyi ba sa daidai da Littafina?

Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, bugun Furotesta kuwa 66. Bambancin yana Tsohon Alkawari: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, da wasu sassa na Esta da Daniyel. Lambobin Zabura kuma sukan bambanta da ɗaya, saboda wani bugu yana bin lissafin Ibrananci, wani na Helenanci. Zabura 51 ta Laraba ta Toka tana iya fitowa a matsayin 50. Ishaya 9:1 a wani bugu 9:2 ce, Yowel 3 kuma ƙarshen sura ta 2. Idan lamba ta ruɗe ka, bi kalmomin farko na karatun.

15. Idan abin da na fahimta ya bambanta da wa'azin Fada fa?

Bambanci ba saɓani ba ne. Wa'azi ɗaya ba zai ɗebe karatu huɗu ba. Coci ta ba da ma'auni uku: a karanta kowane nassi tare da Littafin gaba ɗaya, a cikin Al'adar ikilisiya mai rai, kuma daidai da sauran gaskiyar bangaskiya. Tana kuma koyar da cewa ma'anar zahiri, abin da marubucin ya nufa, ita ce tushen duk wata ma'ana ta ruhaniya. Idan fahimtarka ta ci karo da Shaidar Bangaskiya, ko ta ba ka hujjar ƙin wani, to ka kai ta wurin Fada ko katikis ku duba tare.

16. Yaya za mu yi wannan a ƙungiya ko a gida?

A yi shi kafin idin, ba bayansa ba, domin a shiga coci da kunne a buɗe. Mutum ɗaya ya karanta Bishara, a yi shiru na minti biyu, wani dabam ya sake karantawa. Kowa ya faɗi jimlar da ta tsaya masa, ba tare da an yi masa gyara ko muhawara ba. Sai jagora ya kawo karatu na farko bisa tsarin amsa ta 4, a rufe da Zabura a matsayin addu'a. Jagora ya kiyayi mayar da zaman wa'azi na biyu. Idan da yara, Bishara kaɗai ta isa, a bar su su sake ba da labarin da bakinsu, a kuma tambaye su wa suka gani a ciki da me ya yi.